Bin sawun kaurar Kaka: kundin aikin gwajin irin dawa a Gadarif

12 ga Oktoba, 2022

Yau Daktora, malamar da ke kula da bincikena, ta sa hannu a takardar aikina, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Tambayar da zan bi daga bakin rumbun kakata na ɗauko ta, a ƙauyenmu da ke kudu da Gadarif a gabashin Sudan. Tun muna yara take nuna mana wata dawa mai launin ɗorawa, tsabarta manya-manya, ta ce wannan kaura ce, mahaifinta ya taso da ita daga ƙasar Kano lokacin da ya kama hanyar Makka da ƙafa. Guzuri ya ƙare masa, ya tsaya aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, daga baya ya gangaro nan ya yanki gona. Irin wannan labari ba gidanmu kaɗai ke da shi ba. Daga Mai Wurno, garin da ya ɗauki sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya ci gaba da hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa Kassala, da wuya ka shiga unguwar Hausawa ba ka tarar da tsohuwar da ke riƙe da wani iri tana cewa na gida ne ba.

To shekara kusan ɗari dawar nan tana zaune kafaɗa da kafaɗa da fatarita, farar dawar mutanen ƙasa. Me ya saura a jikinta na can, me ta kwasa a nan? Kuma kaurar gidanmu da ta gidan maƙwabta, suna ne kawai ya haɗa su ko jini?

Ido ba zai raba wannan gardama ba. Tsayin kara da girman zangarniya suna bin ruwan sama da ƙarfin ƙasa. Iri ɗaya ka shuka a laka da jigawa sai ka rantse biyu ne. Abin da ruwa da taki ba sa taɓawa shi ne rubutun da ke cikin sinadarin gado, wato DNA. Dawa tana da kuromosom goma-goma daga uwa da uba, ashirin ke nan, kuma da aka karance rubutun nata a 2009 an tarar ya kai haruffa wajen miliyan 730. Ni ba duka zan karanta ba. Akwai wasu gurabe a cikin rubutun inda haruffa biyu ko uku ke ta maimaita kansu kamar mai i'ina, AG AG AG, wata shukar sau goma, wata sau goma sha huɗu. Yawan maimaicin nan gadonsa ake yi. Da nake wa Kaka bayani na ce mata kamar tsagar fuska ce: da an ga zanen an san gidan da mutum ya fito, sai dai wannan ba wanzami ya yi ta ba. Ta ce to a duba mata da kyau.

30 ga Oktoba

Mun rage taswirar. Da farko na sa ƙauyukan wajen Damazin, a jihar Nilu Shuɗi, a lissafi, domin can ma akwai tsofaffin gonakin mutanenmu. Amma tun rikicin da ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi a watan Yuli, wanda ya sake tashi a wannan wata, mutane da yawa sun bar gonakinsu, wasu sun rasa 'yan uwa. Ba lokacin zuwa tambayar iri ba ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da sauran gidajensu lafiya.

Abin da ya rage: gonaki huɗu na Hausawa masu kaura a kudancin Gadarif, biyu a wajen Mai Wurno, gonakin fatarita biyu na maƙwabta, sai Tabat da Wad Ahmad, irin da hukumar bincike ta fitar, don su zama ma'auni. Zangarniya ashirin daga kowace gona.

19 ga Nuwamba

Kwana tara ina cikin gonaki. Ka'idar da Daktora ta kafa mini ita ce kada in zaɓa. In ratsa gona daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk taku goma in yanki zangarniyar da ke hannun damana, mai kyau ce ko ramammiya, in sa ta a ambulan ita kaɗai, in rubuta lamba. Idan na bi masu kyau kaɗai, abin da zan auna shi ne son raina, ba gonar ba.

Kawu, wanda ya raka ni gonar gida, abin bai masa daɗi ba. Ya ga na yanki wata ƙanƙanuwa da ƙuduji ya tsotse gindinta, ya ce, "Kai ɗan nan, wannan za ka kai wa malamanku su ce ita ce dawarmu?" Na ce, "Kawu, ita ma 'yar gidan ce." Ya girgiza kai, amma ya riƙe mini buhun har ƙarshen kunya. Ƙudujin nan, da Larabawa ke ce wa buda, ya yi wa gefen gabas na gonar ja-ja da fure, kuma na lura akwai karan da ke tsaye lafiya a tsakiyarsa. Na rubuta lambobinsu daban.

A bakin gona, wajen kwarin da ruwa ke kwanciya, adar ta yi tsayi ta fi mutum. Ita ce dawar daji, wadda tsabarta ke zubewa da kanta tun kafin a zo girbi. Tana iya barbara da dawar gida. Yawanci dawa kanta take yi wa barbara, amma idan ta yi bununi iska na ɗaukar wani kaso zuwa maƙwabta, kuma ta haka baƙo ke shigowa gida. Na yanki ashirin daga adar ɗin ma, ko da yake ba ta cikin tsarin farko.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin da na zauna ina kallon Kaka tana fitar da iri. An jibge zangarniya a kan tabarma kafin sussuka. Takan ɗauki ɗaya ta auna nauyinta a tafin hannu, ta murza da babban yatsa, ta ciji ƙwaya guda. Wadda ta yi mata sai ta ajiye a dama. Wadda ta ga fari-fari kamar alli a jikinta sai ta jefa hagu ta ce, "Wannan ta sha nonon fatarita, a kai ta tuwo." Na dama ta ɗaure su ƙananan dammuna, aka rataye a saman madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari. Haka take yi duk kaka tun tana amarya. Na roƙe ta ashirin daga cikin zaɓaɓɓun, ta ba ni tana ƙirgawa, ta ce, "Maigidana, bashi ne fa, ba kyauta ba."

Yanzu ina da rukuni biyu daga gona ɗaya: abin da gona ta haifa, da abin da hannun Kaka ya tace.

8 ga Disamba, Wad Madani

Na shuka ƙwaya ɗaya daga kowace zangarniya a kofunan roba. Sun tsiro, ban da bakwai. Nan da mako biyu ganyen zai isa yanka.

27 ga Disamba

Fitar da DNA daga ganye aikin turmi ne. Ɗan ƙaramin turmin tangaran, ganye kamar tsawon yatsa, a zuba ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, ganyen ya daskare ya koma kamar gilashi, a daka shi ya zama gari kore. Sai a zuba ruwan sabulun da ake kira CTAB, a ajiye cikin ruwan zafi mai digiri 65 na kusan awa ɗaya, sabulun ya farfasa bangon ƙwayoyin. A sa kulorofom, a juya a injin juyi, datti ya kwanta ƙasa, a tsotse ruwan sama a hankali. Da aka zuba masa barasar gwaji mai sanyi sai ga wani farin zare siriri yana tattaruwa a tsakiyar kwalbar, kamar yanar gizo-gizo a cikin ruwa. Na daɗe ina ɗaga kwalbar farko wajen taga. Lamba 1 ce, daga zaɓin Kaka.

Ba duka suka zo da sauƙi ba. Naitirojin ya ƙare mana a tsakiyar aiki, muka koma daka da yashi mai tsabta a turmin da aka sanyaya. Na rukunin adar da wasu jajayen dawa sun fito da launin ƙasa-ƙasa maimakon fari, alamar sinadaran ganyen sun manne wa zaren, kuma irin wannan ba ya yarda a ninka shi. Na sake talatin da ɗaya da ganye mafi ƙuruciya. Wuta kuma ta ɗauke sau biyu injin na tsakar juyi. Mai kula da ɗakin gwajin, dattijo ne da ya fi shekara ashirin a wurin, shi ya koya mini in riƙa fara aiki bayan asuba kafin a ɗauke.

21 ga Janairu, 2023

Alamomi goma sha biyu muka tsayar, wato guraben maimaicin nan da zan duba, aƙalla ɗaya a kan kowane kuromosom, daga jerin da ake kira Xtxp da msbCIR waɗanda masu binciken dawa suka daɗe suna amfani da su. Kuɗinmu iya nan ya kai.

Gurbin da nake nema ɗan mitsitsi ne a cikin haruffa miliyan ɗari bakwai da wani abu, don haka sai an ninka shi kafin ido ya gani. Aikin na'urar PCR ke nan, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Ana zuba wasu gajerun zare guda biyu da aka ƙera su manne a dama da hagun gurbin, kamar turakun iyakar gona. Na'urar ta yi zafi zuwa digiri 94, igiyar DNA ta warware biyu. Ta sauko wajen 55, turakun su kama wurinsu. Ta hau 72, wani sinadari mai suna Taq ya kwafe abin da ke tsakani. Shi Taq ɗin daga wata ƙwayar halitta aka samo shi da ke rayuwa a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka, shi ya sa wannan zafi ba ya kashe shi. Kowane zagaye yana ninka abin biyu. Zagaye talatin da biyar, abin da bai kai a gani ba ya zama biliyoyi.

Daga nan sai jel, wani daskararren abu mai laushi da ake shimfiɗawa a faranti. Ana ɗiga kowane samfuri a raminsa, a kunna lantarki, DNA ya kama tafiya zuwa ɗaya gefen. Gajere ya fi sauri, dogo ya tsaya baya, kamar rairaya. In an wanke farantin da ruwan azurfa sai layuka su fito baƙi-baƙi, kowane a matsayin tsawonsa.

Farantin farko ya fito jiya da la'asar. Tabat, shuka ashirin, layi ɗaya ɗoɗar daga wannan gefe zuwa wancan, kamar sahun salla. Haka ya kamata, iri ne da aka tace a tashar bincike. Kusa da ita gonar gidanmu: layukan suna hawa suna sauka, tsayi huɗu daban-daban a alama ɗaya. Shuka biyu ma layi bibbiyu suka nuna, wato abin da suka gada daga uwa daban da na uba, alamar cewa bununin wata shuka ta daban ya shiga jininsu. Na kira Daktora ta zo ta gani. Ta duba, ta ce in sake waɗannan biyun kafin in yi murna, domin jel yakan yi inuwar layi a ƙarƙashin na gaskiya. Na sake. Suna nan.

11 ga Fabrairu

Alama tara sun kammala. Ɗaya ta ƙi fitowa sam a yawancin adar. Mai yiwuwa wurin da turken zai kama ya sauya a jikinta, don haka rashin layi ba ya nufin rashin gurbin. Na cire ta daga lissafin adar.

26 ga Fabrairu

Sati biyu ina kan kwamfuta. Ga yadda ake mayar da layuka lamba, don wanda zai bi wannan kundi bayana. A kowace alama ana duba kason da kowane tsayi ya samu a gona, a ninka kowane kaso da kansa, a tara, a cire daga ɗaya. Ma'aunin Masatoshi Nei ke nan na 1973. Idan duk gonar tsayi ɗaya ne, ɗaya a cire ɗaya, sifili. Idan tsayi biyu ne rabi da rabi, 0.25 da 0.25 sun zama 0.5, a cire daga ɗaya, saura 0.5. Idan huɗu ne daidai wa daida, 0.75. Ma'anarsa a sauƙaƙe: in ka rufe ido ka zari biyu daga gonar, mene ne yiwuwar su bambanta? Bayan wannan sai a raba bambancin gida biyu, wanda ke cikin kowace gona da wanda ke tsakanin gona da gona, bisa ma'aunin da Sewall Wright ya kafa. Na yi amfani da manhajar lissafi ta GenAlEx, wadda ke aiki a cikin Excel.

Abin da na gani zuwa yanzu, a waɗannan gonaki kaɗai.

Kaura ba abu ɗaya ba ce. Gonaki uku na kudancin Gadarif sun taru wuri guda, kuma da na bincika sai na tarar matan gidajen 'yan uwa ne, iri yana bin amarya zuwa gidan miji. Ta huɗun, wadda mai ita ya ce a kasuwa ya saya shekarun baya da sunan kaura, ta fi kusa da fatarita nesa ba kusa ba. Na Mai Wurno biyu sun ware gefe, suna da wasu tsayi da ban gani ko'ina ba.

Sai rukunin nan biyu na gidanmu, inda na fi daɗewa. Abin da gona ta haifa ya fi yawan gauraye: a ciki akwai masu layukan da suka yi daidai da na fatarita ta maƙwabcinmu, akwai ɗaya mai layin da sai a adar na gan shi. A cikin ashirin ɗin da Kaka ta zaɓa kuwa waɗannan baƙin layuka sun ragu ƙwarai. Ba ta taɓa ganin jel ba. Da haƙori da tafin hannu take yin abin da na kwashe wata uku ina yi da na'ura, kuma duk shekara iska na kawo baƙi, duk shekara tana tsince su. Amma ba ta mayar da irin sahu ɗaya kamar Tabat ba. Ko a cikin zaɓinta akwai tsayi biyu ko uku a yawancin alamomi. Ina ganin wannan ne ya sa a shekarar ƙarancin ruwa ko ta ƙuduji gonar ba ta faɗuwa gaba ɗaya, kuma shi ne abin da zan so in gwada a fili.

Daktora ta taka mini birki a wuri ɗaya, kuma tana da gaskiya. Na rubuta cewa duk layin da kaura ta haɗa da fatarita shaidar barbara ce a nan Sudan. Ta ce a'a. Tun 1972 Harlan da de Wet suka kasa dawar gida gida biyar: baikala, gini, kaudatum, kafir da durra, da kuma gaurayensu. Fatarita kaudatum ce. Kaurar ƙasar Hausa kuwa gauraye ce ta durra da kaudatum. Ashe tun kafin mahaifin Kaka ya ɗaura ɗamarar tafiya akwai zumunci tsakaninsu. Layin da suka haɗa zai iya zama na jiya, zai iya zama na shekaru dubbai. Ta kuma tuna mini cewa a wani tsohon mazauni kusa da Kassala, wanda masu tona ƙasa ke kira KG23, an samu sawun dawar gida a jikin fasassun tukwane na wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yana cikin mafi daɗewar shaidar noman dawa da aka sani. Na dawo masauki ina ta juya maganar. Idan haka ne, dawar da tsohon ya ɗauko daga Kano ya kawo gabas, kusa da garin kakanninta ya dawo da ita.

9 ga Maris

Ba zan iya cewa kaurar Kaka daga Kano take ba sai na ajiye ta kusa da kaurar Kano a faranti ɗaya. Akwai babban aikin da aka wallafa a 2013, inda aka auna samfurin dawa 3,367 na duniya da alamomi 41 irin nawa, amma tsawon layi a wannan ɗakin gwaji ba lallai ya zo daidai da na wancan ba sai an sa shukar da kowa ya sani a matsayin ma'auni. Wadda aka saba sawa ita ce BTx623, wadda aka karanta rubutunta a 2009. Mun rubuta takardar neman ta, tare da samfuran kaura da fara-fara na arewacin Najeriya, daga ma'ajiyar iri ta ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Patancheru a Indiya. Iri ba ya tsallaka iyaka a aljihu yanzu. Sai da yarjejeniya da takardar lafiyar tsiro.

20 ga Maris

Na zo gida kafin azumi. Na kawo wa Kaka hoton faranti a waya, na nuna mata sahun Tabat, na nuna mata nata. Ta kawo wayar kusa da ido ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa a kan shukar nan mai layi biyu ta ce wannan wace ce. Na ce lamba 14, daga cikin na gona, ba na zaɓinta ba. Ta ce, "Ai na sani." Ta tambaya ko na ga Kano a ciki. Na ce tukuna, sai irin can ya iso. Ta ce mahaifinta shekara uku ya yi a hanya, ba ta ga abin gaggawa ba.

Na mayar mata da zangarniyarta ashirin, kowace ƙwaya ɗaya kaɗai ta rasa. Ta ƙirga su, ta ɗaure, ta sa jikarta ta hau turmi ta rataye a saman madafa.

Aikin da ke gaba: alamomi uku da suka rage, sake gwada adar da wasu turaku, da neman ɗan fili a gefen gabas na gonar inda ƙuduji ya fi yawa. Idan damina ta sauka zan shuka lambobin da na ware a Nuwamba a kunya ɗaya, zaɓin Kaka a ta biyu, Tabat a ta uku, in rufe wasu zangarniyoyi da jakar takarda kafin su yi bununi. Kawu ya ce zai ba ni filin, da sharaɗin ni zan yi noman da hannuna.